Inna Kellu da Magen da Ta Bar Mini

Ranar Litinin, 15 ga Satumba, 2025, ana cikin kiran sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran surukata, Hajiya Kellu, wadda duk unguwar Limawa ke kira Inna Kellu ungozoma. A ɗakinta ta cika, a kan gadonta, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Bayan La'asar muka kai ta makwancinta. Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne Ya karɓe ta, kuma inda ta je can za mu tarar da ita. Shekarunta ba a rubuce suke ba. 'Ya'yanta sun ƙiyasta saba'in da takwas, ita kuwa in an tambaye ta sai ta ce ta daina ƙirgawa tun ranar da ta ga furfura a kan wanda ta yanke wa cibiya.

Ni likitan dabbobi ne, ba marubuci ba. Shekara ashirin da 'yan kai ina yawo tsakanin rugagen Buji da ƙauyukan ƙasar Ringim, allura da ɗinki su na sani. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a zaman makoki kowa ya faɗi alherin da ya sani nata, nawa kuwa ban faɗa ba, don ba zai faɗu ba sai na haɗa da laifina. Na yi wa Inna ƙarya a kan wata mage, na kuma shekara biyu ina neman bakin da zan gaya mata gaskiya. Tun da na kasa faɗa a gaban mutane, ga shi a rubuce.

'Yar ƙasar Haɗeja ce, aure ne ya kawo ta Dutse tun garin bai san zai zama babban birnin jiha ba. Har ta rasu danginta ba su daina aiko mata da bandar kifi ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa akwai kifin kirki a wani wuri ba. Ungozomanci a wurin kakarta ta koya. Ta fi shekara arba'in tana shiga gidajen mutane a lokacin da babu abin da ke ɓoyuwa, ta ga gidan da ake cin tuwo da nama, ta ga wanda mai jego ba ta da zanen sauyi, amma ba a taɓa jin sirrin wani gida daga bakinta ba. Matata Nuriyya, 'yarta ta uku, ta ce ko su da suka tashi a ɗakinta iyakar abin da suke ji in ta dawo shi ne an sauka lafiya, mace ce ko namiji. In ta san gida ba shi da ƙarfi, rabonta na naman suna ba ya kwana a wurinta. Takan dafa shi da yaji ta mayar, ta ce romo ne na mai jego, don kada maigidan ya ji an yi masa sadaka.

Ba ta kuma ja da asibiti ba, kamar yadda wasu takwarorinta suka yi. In ta ɗora hannu ta ji ɗa ya kwanta a gicciye, ba ta gwada sa'a da ran mutum, a take za ta ce a nemo mota. Alhaji Ɗan'inna mai kayan miya da bakinsa ya ba da nasa labarin a wurin makoki, yana hawaye yana dariya. Ya ce shekarun baya ya rantse matarsa ba za ta haihu a hannun maza ba. Inna ba ta yi musu da shi ba. Ta yafa mayafinta, ta fito zauren da yake zaune da abokansa, ta zauna a tsakiyarsu ta miƙe ƙafa, ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji ƙarar mota a ƙofar gida. Abokan suka watse don kunya, shi kuma ya fita neman mota ko hula babu. Yarinyar da aka ciro ran nan yanzu 'ya'yanta uku.

Tsakanina da ita kuwa kunya ce irin ta da. Shekara goma sha tara ina auren 'yarta, gaisuwarmu ba ta sauya ba. In cire takalmi tun daga tsakar gida, in tsuguna a bakin ƙofarta, ita tana ciki bayan labule. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take ce mini. In ta ji ba ni da lafiya, dambun kifi zai iso gidana a hannun Nuriyya, ba tare da an ce daga wa yake ba. In ina da magana da ita, Nuriyya ce ke kaiwa ta kawo amsa, ko da kuwa taku uku ne tsakaninmu. Ina son wannan tsari, ina ganin mutunci ne, har yau ma haka nake gani. Sai dai a bayansa na samu wurin ɓuya lokacin da na tashi yin ƙarya.

Magen ta shigo gidan ne a wata damina, jiƙe sharkaf, ba a san daga ina ba, ta wuce kowa ta shige ɗakin Inna. Shi ya sa ta sa mata suna Baƙuwa, kuma sunan ya bi ta har ta fi 'yan gida zama 'yar gida. Fara ce mai dabbare-dabbaren baƙi, ƙarama, amma wajen haihuwa ba ta da na biyu. Sau uku take zubawa a shekara, huɗu, biyar, wani lokaci shida. A lokacin ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da Inna daga shiga gidaje, sai ya zama duk ungozomancin da ya rage a hannunta a kan Baƙuwa ya ƙare. Akwai wani kwando a bayan ƙofa da ta shimfiɗa wa tsumma, nan ne ɗakin haihuwa. Kifin da ake aiko mata don ta ci ta yi ƙarfi, rabinsa a cikin kwandon nan yake ƙarewa.

Matsalar ita ce 'ya'yan. Maƙwabta suna kuka da ɓarna da kukan mazuru a kan katanga, gida ya cika da ƙuma, wasu 'ya'yan ido ya ruɓe su mutu a hannunta. Waɗanda suka rayu kuwa, da sun yi wayo sai babban ɗanta Rabi'u ya yi abin da kowa ke yi, ya zuba su a buhu ya kai bayan wata kasuwa ya zazzage. Duk ranar da aka yi haka Inna ba ta cin abinci. Rabi'u ne ya same ni ya ce, tun da aikina ne, in yi wa magen abin da zai tsayar da haihuwar nan kowa ya huta. Na san aikin, ba ya ɗaukar rabin sa'a. A sa ta barci, a tsaga gefen ciki kaɗan, a cire mahaifa da abin da ke tare da ita, a ɗinke. Na kuma yarda shi ne daidai. Abin da muka sani mu uku, ni da shi da Nuriyya, shi ne matar da ta ƙare rayuwarta wajen karɓar haihuwa ba za ta taɓa ba da izinin a rufe wa wata halitta wannan ƙofa ba. Maimakon mu zauna mu yi mata bayani, sai muka zaɓi hanya mai sauƙi.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2023 ne, ana tsananin zafi. Na aika Nuriyya ta ce zan kai Baƙuwa in duba lafiyarta. Da yamma na dawo da ita a kwali, gefen cikinta a aske, da ɗinki huɗu. Na tsaya a zaure na miƙa wa Nuriyya, na ce ta gaya wa Inna wani ƙari na samu a cikin na cire. Na ƙara da cewa a kulle ta a ɗaki kada ta yi tsalle, kada kuma a damu in ta ƙi cin abinci yau, ko an ga tana tangaɗi idonta a buɗe tar, maganin barci ne bai sake ta ba. Ban ce kada ruwa ya taɓa ɗinkin ba. A duk karatuna ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wanda zai yi wa mage wankan jego ba.

Inna ta ga ciki a yanke, jiki ba ƙarfi, sai ta yi abin da hannunta ya saba. Safe da yamma ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta tsoma tsumma ta matse, ta danne magen tsakanin gwiwoyinta ta gasa mata wurin. In ta gama ta shafe ɗinkin da man shanu don kada fatar ta ɗaure. Har kunun kanwa ta dama mata, wannan dai magen ta ƙi. Kullewa kuwa ta ce ba da ita ba, don tun tana yarinya take jin malamai na ba da labarin matar da ta halaka saboda ta tsare mage, ba za ta tsufa sannan ta bi sahunta ba. To ruwa ya jiƙa zare, man shanu ya kira harshe, magen ta yi ta lasa tana ciza, ga katanga tana hawa. A rana ta huɗu ina wata ruga a Buji muna allurar shanu Nuriyya ta bugo waya tana kuka, ta ce ɗinkin ya buɗe.

Na iso da hantsi. Na cire takalmi na tsuguna inda na saba, na ce a miƙo mini ita waje. Aka ce tana ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, wanda ya miƙa hannu ta yaga shi. Ina nan tsugune ban san abin yi ba, sai na ji muryar Inna daga bayan labule.

"Malam, shigo. Yau maganar rai ce, a ajiye kunya a waje."

Haka na shiga ɗakin surukata karo na farko. Ban ga komai ba sai abin da ke ƙasa, buzun sallah, ƙafar gadon ƙarfe, kaskon turaren wuta. Da muka samu muka fito da ita, jikinta zafi rau, wurin ya kumbura ya yi ja, zare biyu sun tafi, ruwa na fita. Da an ƙara kwana ɗaya ba na jin za ta tashi. Na yi mata allurar barci, na wanke, na gyara bakin ciwon, na sake ɗinkewa a nan kan tabarma. Inna ce ta riƙe mata kai, tana shafawa tana addu'a a hankali. Da na ɗaure zaren ƙarshe ta tambaye ni ko gashin da ta yi ne ya jawo. Na ce shi ne, da man shanun. Ta ce, "Ba a gaya mini ba." Ba ta faɗa da faɗa ba, amma na ji ta har cikin ƙashina. A nan ya kamata in faɗi sauran abin da ba a gaya mata ba. Na tattara kayana na ce zan dawo gobe.

Kafin in fita na yi ƙarfin hali na ce wannan karon dole a kulle ta kwana goma sha biyu, in ba haka ba za ta mutu. Inna ta ce ita fa ba ta kulle mage. Na ce to babu wata hanya. Ta dubi magen da ke kwance ba ta san inda take ba, ta ce, "To a kulle mu tare." Da farko na ɗauka magana ce. Kwana goma sha biyu matar nan ba ta taka tsakar gida ba sai don alwala da kewayawa, kuma in za ta fita sai ta yi wa magen sallama ta ce yanzu za ta dawo. An yi suna biyu da biki ɗaya a unguwa ba a gan ta ba, abin da bai taɓa faruwa ba, har mata suka riƙa zuwa duba ta suna zaton ciwo ne. A ganinta, wanda ya tsare halitta ya tafi harkarsa shi ne mai laifi, wanda ya zauna tare da ita kuwa jinya yake yi.

Na kawo abin robar nan mai kamar mazurari da ake sa wa a wuya don hana lasa. Inna ta juya shi ta ce wannan ai azaba ce, ta yaya za ta ci, ta yaya za ta wanke fuska. Ta ciro wata tsohuwar rigar sanyi ta marigayi mijinta, ta yanke hannun, ta huda ƙofa huɗu, ta zura wa magen. Rigar ta rufe ɗinkin ruf, iska na shiga, harshe ba ya kaiwa. Ni da takardar shaidata na tsaya ina kallo. Tun daga lokacin duk magen da na yi wa aiki hannun riga nake sa a nemo.

Abin da ya fi damun Inna shi ne Baƙuwa ta daina yarda da ita. Dabba ba ta san niyya ba, ta dai san hannun da ya danne ta ya ɗora mata zafi. Da ta farfaɗo sai ta koma can ƙuryar ƙarƙashin gado, in Inna ta leƙa ta kwantar da kunne ta yi huci. Inna ta sauko daga gado da gwiwoyin nan nata, ta shimfiɗa buzu a ƙasa, nan take sallah, nan take kwana. Ta ɓare kifi ta sa a tafin hannu, ta ajiye hannun a ƙasa a buɗe, ɗayan yana jan carbi, ba ta kira, ba ta kallo. Kullum da safe in na zo allura nakan tarar da ita a haka. A rana ta uku magen ta sha ruwa. A ta biyar ta ci a faranti bayan an ja baya. A ta bakwai ta ci a tafin hannun, ranar Inna ta tare ni da labarin tun ban gama sallama ba, ta manta da wa take magana. A ta tara na tarar da ita a kan cinya, cikin rigarta, tana wannan gurnani mai laushi da Inna ke ce wa laziminta.

Ni kuwa ban samu wannan ba. Da ta shaƙi warin magani a jikina sai gashinta ya miƙe. Sai Inna ta naɗe ta a zane ta bar mini gefen ciki kawai nake iya aiki. A rana ta goma sha biyu na cire zare, wurin ya haɗe sumul. Aka buɗe ƙofa, magen ta fito tana taka ƙasa a hankali tana ƙifta ido, Inna na bayanta tana dafa bango. Washegari na koma mazaunina a bakin ƙofa, labule ya sauka, kamar ban taɓa shiga ba.

Baƙuwa ta warke, ta kuma sauya. Ta daina yawo, ta daina kukan nan da takan kwana biyu tana yi in lokacinta ya zo, mazuru suka daina taruwa a katanga. Gashinta ya yi sheƙi, ta yi ƙiba, aikinta kwanciya a gindin randa. Ƙibar nan ce ta zame mini azaba. Ina tsugune ina gaisuwa sai wata maƙwabciya ta shigo ta ce, Inna, Baƙuwa fa ta yi nauyi, an kusa. Inna ta ce Allah Shi Ya san abin da ke ciki. Kwandon nan kuma yana nan a bayan ƙofa, in iska ta ɗaga labule ina hango shi. Na sa a raina tsohuwar nan jira take yi, ni kuma na san abin da take jira ba zai zo ba. Na tambayi wani malami. Ya ce aikin da aka yi don tare cuta ba ya ganin laifinsa, amma ƙarya sunanta ƙarya, in je in faɗa. Kowace Juma'a da niyyar nake zuwa. Nakan shirya maganar a mota tun daga gida. Ni da nake faɗin kalmar mahaifa sau goma a rana a gaban makiyaya, da na tsuguna a ƙofar nan sai in tambayi gwiwa, in tambayi zafi, in tashi. Na yi haushin kaina ba kaɗan ba, na kuma yi ta huce haushin a kan Nuriyya wadda ni na aike ta.

A watan Agustan bana ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. An kwantar da ita mako guda, ta ce a mayar da ita ɗakinta. Ranar Alhamis ɗin da ta zo kafin rasuwarta, da hantsi, ta aika a kira ni, ta ce in shigo, ta kuma ce Nuriyya ta ba mu wuri. Magen tana kwance a ƙafafunta, da ta gan ni ta dire ta shige ƙarƙashin gado. Na zauna a ƙasa. Na san in na fita yau ban faɗa ba, shi ke nan. Ban jira ta fara ba, na sunkuyar da kai na ce, Inna, babu wani ƙari a cikin Baƙuwa, mahaifarta na cire don kada ta sake haihuwa, na kuma sa aka yi miki ƙarya, ki yafe mini.

Ta ɗan jima tana neman numfashi.

"Malam, kullum magen nan a cinyata take kwana. Da akwai ƙari a cikinta ai ni zan riga ka ji. Kuma shekara arba'in ina shafa ciki, ban kasa gane kitse da ɗa ba."

Na tambaye ta me ya hana ta yi magana. Ta ce ta ga yadda nake kawar da kai in magen ta gifta, ta san abin yana cina, in kuma ita ta fara faɗa, ba zan sake iya tsugunawa a ƙofarta ba, ita kuwa ba ta son ta rasa gaisuwar Juma'a. Kwandon ma, ta ce, ba jira take ba, tsummokara take ajiyewa. Ta ce ranar da ta gane ta yi fushi ƙwarai, amma da ta ga wata shida sun wuce ba a ɗauki buhu an fita da shi ba, sai fushin ya ragu. Ko daidai na yi ko ba daidai ba, wannan ta bar wa malamai.

"Nawa na yafe tuntuni, duniya da lahira. Amma ita Baƙuwa sau biyu ta sha zafi a hannunka, ba ta san dalili ba, har yau tsoronka take. Wannan ba ni zan yafe ba. Kai zan bar wa ita."

Na ce, Inna, ai ba ta ƙaunar ko warina, ga Rabi'u a cikin gida. Ta ce su Rabi'u za su ba ta abinci in sun tuna, amma ba sa jin nauyinta, ni ne nake ji. Ta ce ita ma ta taɓa cutar da ita, kuma na ga yadda ta yi. Daga nan ta ce in tashi in tafi aiki, shanun mutane na jira. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ita ce mafi tsawo da muka taɓa yi.

Bayan an fita da Inna, Baƙuwa ta yini tana kewaya gidan tana leƙa ɗakuna tsakanin ƙafafun masu ta'aziyya. Daga nan ta koma ƙarƙashin gadon, kwana uku ba ta taɓa abinci ba. Ban kai ta gidana ba, don mage wuri take riƙewa, in na ɗauke ta yanzu gudu za ta yi. Na roƙi Rabi'u ya bar ɗakin yadda yake, ya kuma amince, Allah Ya saka masa. Kullum da safe kafin in wuce aiki nakan yi wanka da sabulun da ba na asibiti ba, in sa rigar da ba ta taɓa shiga jakar magani ba, in zo in zauna a ƙasa kusa da gadon, da kifi a tafin hannuna. Ɗakin da na shekara goma sha tara ina kunyar shiga, yanzu ni ke buɗe shi. Zaman yana da wuya, ban san haka yake da wuya ba sai da na gwada, ni da gwiwoyina lafiya lau. Ta fara ci in na tafi. Shekaranjiya ta leƙo. Yau, kwana tara da rasuwar, ta fito har ta kusa kai hanci yatsuna, ta tsaya, ta dube ni, ta koma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rabi'u da ƙaninsa Uwaisu, da Fatsuma, da matata Nuriyya wadda na ɗora wa nauyin da ba nata ba, ina kuma neman afuwarta a nan. Ina yi wa jikoki, da dangin Haɗeja, da matan Limawa waɗanda da yawansu a hannunta suka fara ganin 'ya'yansu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Inna, kin rufa wa gidajen mutane asiri shekara arba'in, kin rufa mini nawa shekara biyu ina zaune a ƙofarki ban sani ba. Allah Ya rufa miki naki ranar da babu mai rufawa sai Shi. Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa kwana goma sha biyun nan a mizaninki tare da kowace haihuwa da kika karɓa, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Yafiyarki na samu, na gode. Ta Baƙuwa har yanzu ban samu ba, amma gobe da safe in Allah Ya kai mu zan koma in zauna.